Lambar Ɗan Fari da Lemon Tsamin Iya

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ko da yake ido ya fara yi mini gardama. Mutum biyu ne suka zaunar da ni rubuta shi: Rukayya, 'yar babban yayanku, da Goggonku Larai, ƙanwar mahaifinku, wadda bakinta bai taɓa iya ajiye magana ba tun tana tallan ƙuli. A Sallar da ta wuce, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, na ce wa Rukayya ta gaya mini da Hausar da zan gane, mene ne wannan aikin da take yi a ɗakin bincike, wanda ya hana ta zuwa suna da biki sai dai gaisuwa ta waya. Ta yi dariya, ta gyara zama.

"Hajiya, ƙwayar cutar da ake kira bairos ba ta da murhun kanta. Sai ta shiga cikin ƙwayar jikin mutum, ta aika da saƙo a dafa mata abin da take so. To duk saƙon da yake na jikin ne, akwai wata 'yar hula da ake ɗora masa a ka. Da ita masu gadi ke gane ɗan gida. Wanda ya zo kai ba hula, sai a yi masa ca."

"To ita cutar, ina ta samo hular?"

"Nan ne aikina. Tana da waɗansu 'yan ma'aikata, inzayim muke ce musu. Wani ya ɗinka hular, wani ya yi mata 'yar alama a gefe ta zama sak irin ta gida. Wata cutar ma, kamar ta mura mai zafi, ba ta wahalar ɗinki, fizge ta 'yan gida take yi ta ɗora wa nata. Kowane dangi da dabarar da ya gada, kuma tana sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Jiki ya ƙara tsaro, su ƙara wayo. Ni sawun wannan sauyin nake bi."

Na ce Allah mai iko, ashe har abin da ido ba ya gani ya iya shigar burtu. Sai ta kama damtsena, ta shafa tsohon tabon nan da kuka saba wasa da shi kuna yara, ta ce da yawa daga sanin da ake da shi kan masu ɗinkin hular nan, a jikin ƙwayar da ake yin lambar agana da ita aka fara samo shi. Kafin in ce komai Larai ta tafa hannu.

"Lamba? Ai tambayi kakarki! Ita ce ta kwarara wa surukinta kira da sunan yanka a tsakar gida, ta fizge ubanki daga cinyar Iya kamar shaho ya ɗauki ɗan tsako. 'Yan boko ke nan!"

Kowa ya fashe da dariya, har da ku. Tun ina da baƙin gashi nake jin wannan labari a bakin mutanen da ba su san farkonsa ba, ballantana ƙarshensa. Kowa ya riƙe wurin ban dariyar ya bar sauran a ƙasa. Na gaji. Ga yadda aka yi.

An kawo ni Hunkuyi daga Ikara ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Gidan babba ne, gidan masu hatsi, rumbuna a jere kamar liman da mamu. Malam Babba, mahaifin babanku, yana zaure da littattafansa da baƙinsa. Cikin gida kuwa na Iya ne, mahaifiyar babanku. Mace ce gajera, fuskarta duk zanen agana tun na ƙuruciya, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Sai Yaya Asabe, matar wan mijina, mai hannun kyauta da saurin kuka, da 'yarta Hansatu. Ni kuwa Ta-Ikara suke ce mini, in an so a tsokane ni a ce Malama, don na yi makarantar 'yan mata ta kwana har na gama. Ban taɓa ɗaga wa kowa kai da wannan ba, Allah shi ne shaida. Na daka, na surfa, na yi tankaɗe kamar kowa. Abu ɗaya da makarantar ta bar mini a jiki shi ne tabon nan, da abin da malamar kiwon lafiya ta nanata mana har ya zauna: in an yi lamba a bar ta ta bushe, ta kumbura, ta yi ruwa, ta yi ɓawo. In ba ta kama ba, daidai take da ba a yi ba.

Ku 'yan yanzu da kuke rungume ɗan fari a gaban kowa kuna sumbatarsa har da ɗaukar hoto, ba za ku gane matsayina ba sai na bayyana. Yayanku ɗan fari ne. Uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta kiran sunansa. In ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai, wata ta ɗaga shi. Ga shi kuma sunan Malam Babba aka sa masa, kunya ta zama biyu. Duk gidan Mai Sunan Malam ake ce masa, ni kuwa ko wannan ban iya faɗa, sai dai in ce "yaron nan". Da aka yaye shi sai ya koma ɗakin Iya gaba ɗaya, tabarmarsu ɗaya da Hansatu, wadda ta girme shi da kaɗan. Nakan leƙa ta jikin asabari in ga yana cin tuwo, in ya ɗago in yi kamar tsintsiya nake nema. Ban taɓa jin wannan a matsayin zalunci ba. Haka uwata ta yi, haka tata uwar. Ina sonsa, ina ɓoyewa, kowa kuma ya san ina ɓoyewa, shi ke nan.

Ana cikin haka, dawa ta fara nuna, sai aka ji ciwon agana ya ɓulla wajen Dandamisa. Ba a kiran sunansa, sai a ce yaran wane sun yi ado. Mai shela ya zaga gari ya ce 'yan lamba za su sauka a ƙofar dagaci, kowane mai gida ya fito da yaransa, wanda ya ɓoye ya kuka da kansa. Na ji sanyi a raina. Da safe Iya ta sa aka yi wa yara wanka, ta yafa mayafinta ta tasa su gaba. Na ce a zuciyata, ashe tsohuwar nan ta fi yadda nake zato. Mu matan aure ba ma fita, sai muka zauna aiki. Can na ga Yaya Asabe ta ɗauko ƙwarya cike da lemon tsami tana rabawa biyu biyu, ga toka a faifai ta tankaɗe.

"Yaya, kunu za a dama ne da wannan uban lemo?"

"Wane kunu? Na yara ne. In sun dawo a goge musu tun da ɗumi, kafin dafin ya shiga jini."

"A goge me?"

"Lambar mana, Malama. Ke da kika yi karatu ba ki san wannan ba? Duk garin nan haka ake yi. Dagaci ya ga yaranmu, hukuma ta ji daɗi, yara kuma ba su yi zazzaɓi ba. Wa aka ɓata wa?"

Wallahi har yau in na tuna "wa aka ɓata wa" sai in ji kaina ya sara. Kuma ba da mugunta ta faɗa ba, murna take yi da wayon garinsu. Dubi wannan aiki: a yi wa yara wanka, a jera su a rana, a tsaga musu fata suna ihu, sannan a dawo a wanke amfanin a bar musu zafin kawai, har da ƙarin raɗaɗin lemo. Yanzu da Rukayya ta gaya mini irin wahalar da cuta ke sha zuriya bayan zuriya tana gyara kamanninta don ta wuce masu gadin jiki, sai na ce ai a Hunkuyi ba ta buƙaci wannan wahalar ba. An zo a nuna wa masu gadi kamannin ɓarawo tun kafin ya iso, mu da hannunmu muka rufe musu ido.

Na yi wa Yaya Asabe bayani iyakar iyawata. Na kwaye mata damtsena. Ta duba, ta ce kai, ai kuwa ya ɓata mini fata, Allah ya sa mijina bai damu ba. Na ce to a bar Hansatu da yaron nan, su biyu kawai. Ta ce in gaya wa Iya. Ta san sarai ban taɓa fara yi wa Iya magana ba sai ta tambaye ni. Babanku kuwa yana kasuwar Makarfi da buhunan gero, ba mai aika masa.

Suka dawo rana ta take, yara na kuka, kowa riƙe da hannu. Iya ta zauna a kan turmin da aka kifa, ta ce a miƙo su ɗaya ɗaya. Ta fara da Hansatu. Ta matse lemon a kan tsagar, ta murza da ɓawon, ta bi da toka. Yarinyar ta ƙwalla ƙara. Na matso na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Iya, don Allah ina da magana."

"In na gama."

"Iya, maganar ta wannan aikin ce. In aka goge..."

"Ta-Ikara, tukunyarki na ƙonewa."

Ta jawo yaron nan ta ɗora a cinya. Ta kama ɗan hannunsa ta juya, na ga tsagar, ɗanya, da ɗan danshin maganin a kai. Ta miƙa hannu cikin ƙwarya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Zan rubuta sunan a nan sau ɗaya, don ku san ba ƙarya Larai ta yi ba a wannan gaɓar, kuma Allah ya ji ƙan mai sunan na asali.

"Iliyasu! Taho nan!"

Karatun da Malam Babba ke yi a zaure ya tsaya cak. Taɓaryar da ake daka da ita a sashen baya ta tsaya. Yaya Asabe ta dafe ƙirji tana salati. Abin haushin kuma, yaron ko motsi bai yi ba. Bai san sunansa ba ne, ba wanda ya taɓa kiransa da shi. Ya tsaya yana kallona da majina a hanci, yana mamakin matar nan mai tsintsiya da ta yi magana yau. Na ɓata sunana a banza, dole kuma sai da na taka da ƙafata na ɗauke shi daga cinyarta. Ban fizge ba. Na sa hannu biyu na ɗauka, ita kuma ta saki, don mamaki ya kashe mata hannu. Na shige ɗakina na tura ƙyaure na sa sakata.

Wannan ne karo na farko da na rungume ɗana tun da aka yaye shi ba tare da na saurari takun wani ba. Ina kuka, yana kuka, ina ɗaga hannunsa sama kada ya goga a zanina. A waje Larai, tana 'yar yarinya a lokacin, ta manna baki a ƙyaure tana rera mini waƙar marar kunya, har sai da wani ya kore ta. Iya ba ta buga ƙofar ba. Ta gama da sauran yaran tsaf, na ji kukansu ɗaya bayan ɗaya.

Da babanku ya dawo aka tare shi tun a zaure. Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba.

"Me kika yi haka? Sunan Malam? A gaban yara?"

"Lambar za su kashe."

"To ba sai ki bari in dawo ba?"

"Lemon zai jira ka ne?"

Ya san gaskiyata, don shi ma yana da tabon, a Zariya aka yi masa. Amma ya ce gaskiya daban, uwa daban. Na roƙe shi abu guda, a bar mini yaron har lambar ta yi ɓawo, bayan nan duk hukuncin da aka yanke na ɗauka. Aka bar mini shi, ba don an yarda da ni ba, sai don Iya ta ce ba za ta karɓi abin da aka ƙwace daga hannunta ba sai an kawo mata har ɗaki. Bayan 'yan kwanaki hannun ya kumbura ya yi ja, jiki ya yi zafi, yaro ya ƙi cin abinci. Sauran yaran kuwa suna ta tsalle a tsakar gida lafiya lau, tsagarsu ta warke ba ko alama. Duk wadda ta wuce ƙofata sai ta yi tsaki ta ce, "Ga boko nan ya kwantar da ɗan mutane." Ina jiƙa tsumma ina shafa masa a goshi, ina karanta duk abin da na haddace, ina kuma tambayar kaina ko malamar nan tamu ta san abin da take faɗa. Allah ya taimake ni zazzaɓin ya sauka, ɓawo ya fito. Ranar da ɓawon ya faɗi na goya yaron na kai shi ɗakin Iya, na durƙusa na ba da haƙuri. Ta karɓe shi ba ta dube ni ba. Washegari aka sa ni a motar Ikara, wai in je in huta.

Kada ku zaci a gidanmu an tare ni da guɗa. Mahaifiyata ta ce da ta san abin da za a koya mini ke nan da ta bar ni ina tallan fura. Mahaifina, wanda shi ya kai ni makarantar da kansa, ya ce ilimi ba ya hana ladabi, ya juya ya ci gaba da alwala. Na zauna a Ikara har aka gama girbi aka shiga sussuka, ba aike, ba biko. Mata na zuwa kallona kamar wadda ta tsiro da ƙaho.

Sai wata rana da hantsi babanku ya iso a kan keke, duk ya faɗa. Ciwon ya shiga Hunkuyi, ya shiga gidanmu. Hansatu ce ta fara. An fitar da ita bukkar kara a bayan gari kamar yadda ake yi. Yaya Asabe na da tsohon ciki, ba ta da lamba, an hana ta zuwa. Iya ce kaɗai ke jinya, tun da ita ta taɓa yi ba ya kama ta, amma ƙarfinta ya ƙare. Na ce yaron nan fa? Ya ce tabarmarsu ɗaya har ranar da ƙurajen suka feso mata, kuma ga shi can yana bin kaji. Na yi sujada a nan tsakar gida. Sannan na tambaye shi ko Iya ce ta ce a zo da ni.

"Cewa ta yi a nemo mai tabo a hannu. Ba ta faɗi suna ba."

Ba zan kwatanta muku abin da na tarar a bukkar nan ba. Kun san yayarku Hansatu, kun san fuskarta da idonta na hagu, Allah ya ji ƙanta. Ku dai sani yarinya ce mai fata kamar ta tarwaɗa, mai surutu, ga ta kwance a kan yashi mai laushi don tabarma na kama mata jiki, ba wurin da za ka ɗora yatsa. Ni da Iya muka yi ta fama, ina ɗura mata kunu da ludayi, tana korar ƙuda da reshen dogon yaro. Ba ma magana sai ta aiki: miƙo, riƙe, ɗaga. Ina jin haushinta kamar in fashe, ina kuma ganin yadda take tofa wa yarinyar addu'a, sai haushin ya rasa inda zai zauna.

Wata rana da azahar, yarinyar ta samu barci, muna zaune a inuwar bukkar, sai Iya ta yi magana tana kallon gona, ba ni ba.

"Ina da 'ya kafin mijinki. A zamaninmu in ciwon ya zo da sauƙi a wani gida, sai a kira wanzami ya ɗebo ruwan ƙurjin ya tsaga wa masu lafiya, wai su yi kaɗan su huta. Ni na kai ta da hannuna, tana tafe tana cin gyaɗa. Ba ta yi kaɗan ba."

Shekara da shekaru ina gidan, ba wanda ya taɓa ambata mini wannan yarinyar. Na ce mata a hankali, abin da 'yan lamba ke sawa ba ruwan ciwon ba ne, wani ɗan uwansa ne marar ƙarfi, ba ya zama agana. Ta ce ita dai ta ga wuƙa, ta ga tsaga, ta ga ruwa a kwalba, wa ya tsaya ya gaya mata bambanci? Mai shela cewa ya yi a fito ko a kuka da kai. Da wani ya zauna da tsofaffin garin nan ya yi musu bayanin da bai fi ƙarfina ba ni 'yar yarinya, da lemon ya tafi kunu.

Hansatu ta tashi, da ido ɗaya. Gidaje da yawa a unguwarmu ba su samu ko wannan ba. Ranar da muka dawo da ita gida, bayan an ƙona bukkar da tsummokaran, Iya ta yi wanka ta zauna a ƙofar ɗakinta. Yaron nan ya rugo ya faɗa jikinta. Ta kama damtsensa ta daɗe tana duban tabon, ta shafa shi da babban yatsa. Matan gida duk suna tsaye, kowa na jiran abin da za ta ce. Ni ma, ban ɓoye muku ba, na sa rai. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ranar lambar.

"Ta-Ikara."

"Na'am, Iya."

"In sun sake zuwa, ke za ki tsaya a kan yaran. Duk gidan."

"To, Iya."

"Amma da kin ce Mai Sunan Malam, ai da ya ji ki."

Ta juya ta ci gaba da ɓare masa gyaɗa. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma har ta koma ga Allah ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.